Ƙyallen Tela a Kan Tebur: Ado Ne Ko Shagala da Duniya?

Duk wanda ya leƙa shagon tela a Limawa ta Dutse da yamma zai ga tarin ƙyallaye a ƙarƙashin keke: guntun atamfa, yankin shadda, bakin leshi. Wasu a share, wasu a cusa a filo. Amma akwai matan da kan aiko yaro ya ce, "Malam, wai in ji Umma a tara mata." Da waɗannan ƙyallaye suke haɗa shimfiɗar tebur mai kama da aikin mutanen da.

Aikin ba wuya, sai dai cin lokaci. A wanke ƙyallayen tukuna don mai zuba ya zuba, a goge, a yanka su daidai da faɗin tafin hannu. Sai a baje a tabarma ana sauya musu wuri har launi ya zauna da launi, shuɗi kusa da ruwan ƙasa, ja can nesa da ɗan'uwansa. A haɗa da keke ko da allura, a sa tsohon zanin gado a ƙasa don ya yi nauyi, a kalmashe baki. Mai hannu takan bi gefen da saƙar kwarashi. In farin yadin ya cika haske, a tsoma shi a ruwan ganyen shayi ya kwana, ya fito da launin abin da ya daɗe a akwati.

Tsada ce ta fara kawo dabarar. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, Naira kuma ta faɗi, turmin atamfar da ake sarowa daga Kantin Kwari ya fi ƙarfin mutane da yawa. Shi kansa teburin falo bai daɗe da yawaita ba. Ya bi ma'aikata da kujerun kushin ne bayan Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991. Kafin nan tabarma da faifai da akushi sun wadatar.

A nan ne mai tsantseni yake ɗaga gira. Ai Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) bai ci abinci a kan tebur ba, a shimfiɗar ƙasa suke ci. To, in teburin ma ba dole ba ne, ina dalilin ɓata kwanaki ana yi masa riga? Tambaya ce ta gaskiya, kuma tana da tushe a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an san shi da tufkar igiya da ƙarancin kayan duniya, ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuma ya yi kuka da shugabannin da ƙawa ta ɗauke wa hankali bayan jihadi.

Sai dai rashin yin abu daban, hana shi daban. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana ɓarna a ci da sha, ta 32 kuma nan take ta ƙalubalanci mai haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinSa. Biyun a jere suke, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Kuma a gidan Annabi ma an sake wa yadi aiki. Nana A'isha ta rataya labule mai hotuna, ya nuna bai so ba, sai ta yanka shi ta yi matasai. Ba a jefar ba, ba a ƙona ba. Ita ce kuma ta ba da labarin yana ɗinke tufarsa da hannunsa, yana gyara takalminsa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda malaman ƙasar Hausa suka sha karantarwa a zaure, an ga Sayyidina Umar yana halifa da faci uku tsakanin kafaɗunsa.

Saboda haka matar da ta ceto ƙyalle daga bola ta mai da shi abin kallo ta fi kusa da wannan tarbiyya a kan iyayen da ke cin bashi don jeren ɗakin amarya ya girgiza 'yan kallo. Wannan ita ce ɓarnar da ta cancanci huɗuba. Uba ya sayar da gona, uwa ta cinye adashi biyu, a cika ɗaki da kayan da ba za a taɓa ba sai ranar suna, don kawai kada dangin miji su yi magana.

Amma araha ba ta wanke niyya. Ana iya alfahari da ƙyalle kamar yadda ake yi da leshi mai tsada, musamman yanzu da tsohon yayi ya zama abin ɗauka a waya a nuna wa duniya. Wadda kuma ta rina sabon yadi da shayi don ɗakinta ba ta yi laifin komai ba. Ranar da ta sayar wa wata tana cewa saƙin kakanni ne, ta faɗa cikin algus, irin wanda Annabi ya tsawatar a kai lokacin da ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Akwai wani wurin da ya fi wannan santsi, domin ƙauna ce ke kai mutum. Shimfiɗar da ta fi taɓa zuciya ita ce wadda aka sa mata yankin zanin mahaifiya da ta rasu, saƙi ko baƙin rini irin na marinar Ƙofar Mata. 'Ya takan ɗauka a ranta cewa zani ɗaya ba komai ba ne, ai ita ta yi jinya. A shari'a kuwa duk abin da mamaci ya bari, har tufafin sawa, dukiyar magada ce, kuma a cikinsu ana iya samun maraya ƙarami wanda yafewarsa ma ba ta inganta. Kafin almakashi ya taɓa zanin, sai an raba gado ya faɗo a kasonta, ko a yi masa kuɗi ta biya, ko manyan magada su bar mata nasu haƙƙin da bakinsu.