GYARAN GIDA DA BASHIN BANKI: KI TAMBAYA KAFIN A SA HANNU

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yar'uwa musulma, duk wadda ke zaune a cikin birnin Zazzau, ko Kwarbai ne, ko Limancin Kona, ko Ƙofar Doka, ta san fargabar da damina ke zuwa da ita. Soro ya yi yoyo, azara ta ruɓe, katangar ƙasa ta tsage. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Don haka gyaran gida kare rai ne. Abin dubawa shi ne, da wane kuɗi za a yi shi?

A yau akan ce wa maigida ya kawo takardar gida a ba shi kuɗin saye da na gyara a dunƙule, ko a sabunta masa tsohon bashi a ɗora na gyara a kai, ya riƙa biya shekara da shekaru. Ma'aikatan gwamnati sun san Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire musu kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi dominsa, ake kuma ba da rance da ruwa kashi shida. Kafin ki ce masa "Allah Ya sa albarka", ki yi masa tambaya biyu cikin ladabi.

Ta farko: akwai kuɗin ruwa a ciki? Jingina kanta halas ce. An ambace ta a Suratul Baƙara aya ta 283, kuma Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya jinginar da sulkensa wurin wani Bayahude ya karɓi abinci. Matsalar tana wurin ƙarin da ake ɗorawa kan bashi saboda jinkirin biya. Wannan riba ce, komai ƙanƙantarta, kuma aya ta 279 ta yi wa wanda ya ƙi barinta shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa. A hadisin Jabir (RA) da Muslim ya ruwaito, tsinuwar ta haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu. Ke da ake cewa "zo ki sa hannu kawai", kin ga inda kika faɗo?

Ta biyu: gidan na wane ne? Yawancin gidajen cikin birni na gado ne, wasu ma ba a raba ba tun zamanin kakanni. Akwai haƙƙin gwaggo da ke aure a Tudun Wada, akwai na marayu, akwai tumunin takabar matar marigayi. Bai halatta mutum ɗaya ya jinginar da abin da ba nasa shi kaɗai ba sai da yardar sauran magada. In biya ya gagara, banki ba ya sanin zumunta; gwanjon gidan zai yi. Annabi (SAW) kuwa ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taki ɗaya na ƙasar wani bisa zalunci. In ke ma kina da kaso a gidanku, ki riƙe wannan.

To, mene ne mafita? Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba, TAJBank ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha, banki ne zai sayi siminti da kwano da katako, ya mallake su, sannan ya sayar wa maigida da riba sananniya da ba ta ƙaruwa don an yi jinkiri. A istisna'i kuwa, yarjejeniya ake yi kan aikin ginin kansa da farashinsa tun farko. Amma suna kaɗai bai wadatar ba: a kai takardar wurin malami masani ya karanta sharuɗɗanta, Zazzau ba ta rasa malamai ba.

Akwai kuma hanyoyinmu na gida: adashe, rance mai kyau tsakanin dangi da aka rubuta da shaidu, da gyara kaɗan-kaɗan. A fara da rufi da magudanar ruwa kafin damina, tayil da fenti su jira. Da sannu-sannu kwana nesa.

Daga ƙarshe, 'yar'uwa, mu ji tsoron Allah game da mazajenmu. Sau da yawa gorinmu ne, na cewa wance an yi mata silin da tayil, ke tura su ƙofar banki. Ɗakin ƙasa da aka yaɓe da halas ya fi bene da ake kwana cikinsa da fargabar mai bin bashi.

Allah Ya wadata mu da halas, Ya tsare mu daga riba, Ya sanya albarka a gidajenmu. Amin.