Ruwan Inabin Jirgi da Ruwan Baƙo: Wa Ke Auna Abin Kyauta?

Akwai wata tambaya da ta kamata mu zauna mu yi tunani a kanta, ko da yake a kunne tana kama da ƙaramar magana. Tambayar ita ce: abin da aka ba mutum kyauta, wajibi ne ya zama mai kyau? Wanda aka ba kuma, yana da bakin cewa abin bai yi ba? Za mu ɗauko misalinmu daga nesa, daga tsakiyar teku, sa'an nan mu kawo shi gida, har cikin zaurukan Tofa da gonakinta.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan jiragen ruwa waɗanda aikinsu shi ne yawo da masu hutu daga wannan tashar zuwa waccan. Mutum yakan biya kuɗi ya shiga, a ba shi ɗaki, a ciyar da shi kwana bakwai ko goma, sa'an nan a komo da shi. Sana'ar ta daɗe, domin tun a 1844 kamfanin P&O na Ingila ya fara kai masu yawon buɗe ido Bahar Rum. A 2024 wani jirgi mai suna Icon of the Seas ya fara tashi daga Mayami ta Amurka, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata. Jirage 13 irinsa sun isa su kwashe dukan mutanen da aka ƙidaya a Ƙaramar Hukumar Tofa a 2006, wato kusan mutum dubu 98.

A wasu daga cikin jiragen nan, musamman masu bin kogunan Rayin da Danub na Turai, ana zuba wa fasinja ruwan inabi lokacin abincin rana da na dare ba tare da an nemi ko kwabo ba, ana kuwa kiransa kyauta. Sai dai galibi ruwan inabin iri biyu ne: akwai na gama-gari wanda ake saye da yawa a kan araha ana zuba wa kowa, akwai kuma mai daraja wanda aka rubuta farashinsa a takarda, sai wanda ya ƙara kuɗi yake ɗanɗana shi. Daga nan gardama takan tashi tsakanin fasinjoji. Wasu su ce an rena su da aka ba su na araha. Wasu su ce ai rashin kunya ne mutum ya kushe abin da bai biya ba.

Mun sani yawancinmu ba za mu taɓa shiga irin jiragen nan ba, mun kuma sani yawancin mutanen Tofa Musulmi ne waɗanda ba su shan abin maye. Amma in muka cire ruwan inabi muka sa fura, ko kunu, ko zoɓo, ko ruwan randa a madadinsa, za mu ga gardamar nan tana bakin ƙofar kowannenmu.

Abu na fari da ya kamata mu rarrabe shi ne, ko abin da ake kira kyauta kyauta ne da gaske. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin jirgi ya riga ya lissafta kuɗin kowace kwalba ya zuba shi cikin kuɗin tikiti, saboda haka fasinja ya biya tun kafin ya zauna a tebur. Mun san irin wannan a kasuwanninmu. Mace ta sayi mudu biyar na gero ko kwandon tumatir, ta ce a yi mata gyara, mai kaya ya ƙara mata ɗan wani abu. Gyaran nan yana cikin ciniki, don kuwa ba a yi wa wanda bai saya ba. In mai tumatir ya tsinto ruɓaɓɓu ya cika mata da su, ya cuce ta, kuma tana da ikon ta faɗa masa. Haka nan furar da ake kai wa 'yan ƙwadago gona da rana, lokacin noman fari ko maimai: wani yanki ce ta ladansu. Maigidan da ya sa aka tsinka furar da ruwa har ta koma farin ruwa kawai, ya zaftare haƙƙin ma'aikaci, ko da ya biya kuɗin yini cif.

To, a nan fasinjan da ya yi ƙorafi yana da gaskiya. Laifin kuwa ya fi yawa a sunan da aka laƙaba wa abin. Wanda ya kira ciniki kyauta ya karɓi biya sau biyu, ya karɓi kuɗi ya kuma karɓi godiya, sa'an nan ya ɗaure bakin mai saye da igiyar kunya. Sayar da kaya mai araha halal ne muddin an faɗi gaskiyarsa. Abin da ba shi da kyau shi ne a lulluɓe shi da rigar alheri domin kada a tambaya.

Abu na biyu shi ne kyauta ta ainihi, wadda ba ciniki a bayanta: ruwan da ake tarar baƙo da shi, da randar da wani bawan Allah yakan ajiye a gindin itace domin masu wucewa, da tuwon da ake miƙa wa almajiri da dare, da hatsin da ake kai wa gwauruwa. Game da mai karɓa, maganar a fili take. Yaba kyauta tukwici. Wanda aka yi wa alheri ba ya bin kowa bashi, kuma wanda ya ci tuwon mutane ya fita yana kushe miyarsu ya nuna rashin tarbiyya. Amma shirun mai karɓa bai wanke mai bayarwa ba. A nan ne ma nauyin ya fi komawa kansa. In an cuci mutum a kasuwa, akwai sarkin kasuwa, akwai alƙali. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana sa ido a kan abinci da magungunan da ake sarrafawa ana sayarwa. Amma babu ma'aikacin da zai leƙa ƙwaryar da muka miƙa wa mabukaci a ƙofar gida, shi kuma ba zai dawo da ita ya ce ta yi tsami ba, domin yana tsoron kada gobe a hana shi. Wurin da ba mai bincike, ba mai ƙara, nan ne ake gane halin mutum, gama lamirinsa kaɗai ne ma'auni.

Bisharar Yohanna, sura ta 2, ta ba mu labarin da ya shafi wannan magana kai tsaye. An yi biki a Kana ta Galili, ruwan inabi ya ƙare, Uwargida Maryamu ta lura ta sanar da Ɗanta. Akwai tuluna shida na dutse a wurin, kowanne yana cin wajen lita 80 zuwa 120, wato jarka uku zuwa biyar irin tamu ta lita 25. Yesu ya sa aka cika su da ruwa, ruwan ya zama ruwan inabi. Da shugaban biki ya ɗanɗana sai ya yi mamaki, domin al'adar da ya sani ita ce a fara da mai kyau, in baƙi sun sha sun ƙoshi har harshensu ya daina rarrabewa, sai a fito da na baya. Mu lura da abu ɗaya: a daidai lokacin nan, da an kawo kowane iri, da ya wuce ba wanda ya kula. Baƙin ba su biya ba, ba su ma san inda abin ya fito ba, ma'aikatan da suka ɗebo ruwa ne suka sani. Duk da haka Ubangijinmu ya ba da mafi kyau. Ya auna kyautarsa da darajar mutanen da za su sha, da kuma mutuncin angon da yake gab da jin kunya. Ikilisiya ma ta riƙe wannan ladabi a kan bagade: dokarta ta 924, cikin kundin dokokin 1983, ta ce ruwan inabin Misa ya zama na 'ya'yan inabi zalla, wanda bai lalace ba. In haka muke kiyaye abin da muke ɗorawa a kan bagade, yaya za mu yi sakaci da abin da muke sa wa a hannun ɗan Adam, wanda aka halitta cikin kamannin Allah?

Wani zai ce, wannan magana ta masu hali ce, talaka ina ya ga mafi kyau? Amsar ita ce, ba a auna kyauta da abin da ke rumbun sarki, ana auna ta da abin da ke rumbun mai bayarwa. Ruwan sanyi a cikin wankakkiyar ƙwarya kyauta ce cikakkiya in shi ke nan abin da gidan yake da shi, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Abin zargi shi ne gida mai randa biyu, ɗaya a rufe domin masu gida, ɗaya a buɗe ƙudaje na faɗawa domin baƙi. Wannan ita ce dabarar jirgin ruwa ta shigo cikin gida: na gama-gari domin wanda ba zai yi magana ba, mai kyau domin wanda muke jin nauyinsa ko muke sa ran wani abu daga gare shi.

Wani kuma zai ce, ai mai jin yunwa ba ya zaɓe, ragowa ta fi babu. Akwai gaskiya a ciki. Ba da ragowar abinci mai kyau ya fi zubar da shi nesa ba kusa ba, kuma rigar da ta yi mana kaɗan tana iya suturta wani. Amma akwai iyaka, iyakar kuwa ita ce cutarwa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna sukan ɗauki wata guba da masana ke kira aflatoksin, wadda take lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da gurɓatacciyar gyaɗa. Ruwan da ba shi da tsabta kuma shi ne babbar hanyar amai da gudawa. Wanda ya ba maraya hatsin da ya san ya lalace, ya share rumbunsa ne kawai ya sa wa sharar suna sadaka, wataƙila ma ya aika wa yaron da ciwo.

Manomin ƙasar Tofa ya fi kowa sanin rarrabe mai kyau da marar kyau. Ƙasa ce mai yawan jama'a da ƙarancin fili, inda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da taki, har da wanda kakanni suka riƙa ɗaukowa daga birnin Kano a kan jakuna. Daga Lambu zuwa Langel, daga Doka zuwa Yanoko, in kaka ta yi manomi yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye domin iri, ya ware na ci, ya ware na sayarwa. Wanda ya kai kaya kasuwar Dawanau, a maƙwabciyar ƙaramar hukuma ta Dawakin Tofa, ya san 'yan kasuwa za su zura hannu cikin buhu su duba, wake mai huda ba ya samun farashin lafiyayye. Tun da yake idonmu ya iya wannan tantancewa, ba za mu ce ba mu sani ba. Tambayar da ke gabanmu ita ce, daga wane tsibi muke ɗiban abin da za mu ba maƙwabci mabukaci, da abin da muke kawowa ranar baikon godiya na kaka? Daga tsibin da muke ci ne, ko daga wanda kasuwa ta ƙi?

Akwai masu tsoron cewa in aka tsananta wannan magana mutane za su daina bayarwa gaba ɗaya. Ba mu ce kowa ya yanka wa baƙo rago ba. Mudu ɗaya na tsabtataccen gero ya fi tiya uku ta mai ƙwari albarka. In kuwa abin da muke da shi ya ɗan gaza, gaskiya takan cike gurbin. Matar da ta ce wa mabukaci, “Baba, tuwon jiya ne, amma lafiyarsa ƙalau, ka ɗumama,” ta mutunta shi, domin ta bar masa ikon ya karɓa da saninsa. Wadda ta rufe ruɓaɓɓe da faifai mai ado ta karɓi addu'arsa a kan yaudara.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin mu miƙa wa wani abu mu ce kyauta ne, bari mu tambayi kanmu abu uku. Na ɗaya, kyauta ce da gaske, ko kuwa haƙƙinsa ne muke sa wa sunan alheri? Na biyu, in ɗanmu na cikinmu ne ya miƙo hannu, za mu ba shi wannan ya ci ko ya sha? Na uku, za mu iya faɗa wa mai karɓa gaskiyar abin ba tare da mun sunkuyar da kai ba? Wannan ya shafi mai shago da gyaransa, da maigida da 'yan ƙwadagonsa, da Zumuntar Mata in suna dafa abincin taro, da kwamitin da ke raba kayan taimako a majami'a, da uwar gida da almajirin ƙofarta. Mu kuma a ranar da muka zama masu karɓa, mu karɓa da godiya, mu bar kushe, sai fa in abin mai cutarwa ne, sa'an nan mu faɗa cikin ladabi domin kada ya kai ga wani.

Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, yau yana nan gobe ya wuce, mai yiwuwa ba zai ƙara bi ta ƙofarmu ba balle ya rama mana. Allah ya ba mu zuciyar da za ta ɗebo masa daga randar da mu kanmu muke sha. Amin.