Laifi Ne Mai Bi Ya Yi Kukan Kare?

'Yan'uwa cikin Almasihu, da yawa a cikinmu aikin gadi muke yi a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Masaƙu da kamfanoni da dama sun rufe saboda rashin wuta da kayan waje masu araha, amma har yanzu akwai mai gadi a bakin ƙofa. Sau da yawa abokin kwanansa kwikwiyo ne da ya tsinta a kwata, duk ƙaiƙayi da ƙuma, ya wanke shi, ya riƙa raba tuwonsa da shi. Shekara 8 ko 10 suna tare. Ran nan tirela ta take shi, ko ya ci gubar ɓera. Mutumin ya zo sujada idonsa jawur, sai a ce masa, "Haba Baba, kare ne fa! Mutane ma mutuwa suke yi."

Gaskiya ne mutum ya fi kare daraja, domin shi aka yi cikin kamannin Allah. Amma zuciya ba mudun gero ba ce, da za a ce abin da aka ɗiba wa dabba an rage wa mutum.

Ku duba misalin da annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. Matalauci ne da 'yar tunkiyarsa guda ɗaya, ta girma tare da 'ya'yansa, tana cin abin da yake ci, ya ɗauke ta kamar 'yarsa. Natan bai mai da mutumin abin dariya ba, Dawuda ma da ya ji an yanka ta sai ya husata ƙwarai. Da ƙaunar dabba wauta ce, da misalin nan bai kama sarki ba. A ƙarshen littafin Yunusa kuwa, da Allah yake faɗin dalilin jin tausayin Nineba, har dabbobin birnin ya ambata.

Sai dai kada mu cika baki. Littafi Mai Tsarki bai yi alkawarin cewa za a sadu da karen a sama ba, don haka kada mu ta'azantar da ɗan'uwa da maganar da Ubangiji bai faɗa ba. Hakan ma ba shi yake nema ba. Abin da ke cinsa shi ne ƙarfe biyun dare, lokacin da babu mai ɗaga kunne idan wani abu ya motsa a bayan katanga, babu mai tarye shi da kaɗa wutsiya. Idan mai gadin nan ɗan ikkilisiyarku ne, ku je masa da yamma kafin ya kama aiki, ku tambaye shi sunan karen da inda ya tsince shi, ku yi addu'a tare.