Cinikin biri a sama: Shin mai sayen gem yana da alhaki?

MAI karatu, akwai wata tambaya da nake so mu zauna mu juya ta a wannan watan. Idan aka gallaza wa mutum wajen yin wani kaya, kai kuma ka sa kuɗinka na halas ka saya, ka ji daɗinsa, shin kana da kaso a cikin alhakin? Kayan da nake nufi shi ne wasan bidiyo, wato gem, irin wanda ake bugawa a PlayStation da Xbox, wanda ko kai ba ka yi, to ƙanenka ko ɗanka yana yi a shagon bakin layi.

Kada ka ce ai wannan harkar yara ce. Wasan The Last of Us Part II, wanda ya fito a 2020, ya laƙume wa kamfanin Sony kimanin dala miliyan 220, kuma an shafe kusan shekara shida ana aikinsa. Shi kuwa Grand Theft Auto V, da ya fito a 2013, cinikin dala biliyan ɗaya ya yi cikin kwana uku kacal, abin da babu fim ɗin da ya taɓa yi a lokacin. Inda irin wannan dukiya ta taru kuwa, ka san ba a rasa wanda aka danne.

Bari mu fara da ranar fitowa, domin duk rigimar daga nan take tasowa. Ka lura, manyan na'urorin wasa sun fi fitowa a watan Nuwamba: PlayStation 3 ta shiga kasuwar Amurka ran 17 ga Nuwamba, 2006, PlayStation 5 ran 12 ga Nuwamba, 2020, Xbox Series X kuma kwana biyu kafin ita. Dalili shi ne cinikin Kirsimeti. Su ma manyan wasanni wannan kakar suke hari. Da zarar kamfani ya sanar da rana, to an biya kuɗin talla, an yi wa 'yan kasuwa alkawari, masu hannun jari sun yi lissafin ribarsu, jama'a kuma sun fara ƙirga kwanaki. Zumuɗin kan kai inda ba ka zato. A daren fitowar PlayStation 3, mutane sun kwana a layi a bakin kantuna, har 'yan fashi suka harbi wani mutum a layin wani kanti a Jihar Konetikat. To, idan rana ta matso aiki bai ƙare ba, kuma an ce ranar ba za ta gusa ba, mene ne zai gusa? Barcin ma'aikata ne, da lafiyarsu, da lokacin iyalinsu.

Abin ba yau ya fara ba. A 1982, kamfanin Atari ya sayi izinin mayar da fim ɗin E.T. na Steven Spielberg zuwa gem. Ciniki ya ja lokaci, sai aka miƙa wa mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, aikin, aka ce ya gama cikin sati biyar da 'yan kwanaki don a riski Kirsimeti. Ya gama ɗin, amma wasan bai yi armashi ba, masu saye suka riƙa dawo da shi. A 1983 Atari ya kwashi dubban ɗaruruwan kaset-kaset da suka yi kwantai, har da na E.T., ya binne a wani juji a garin Alamogordo. An tono su a 2014, duniya ta gani da idonta. Shekara da shekaru sunan Warshaw ake kira idan ana ba'ar wasan, alhali ba shi ya tsayar da ranar ba.

A watan Nuwamba na 2004, wata mata mai suna Erin Hoffman ta ɓoye sunanta ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a intanet game da mutumin da za ta aura, ma'aikaci a kamfanin Electronic Arts, masu wasan ƙwallon nan na FIFA wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC. Ta ce aiki yake daga ƙarfe 9 na safe zuwa 10 na dare, kwana bakwai a sati, ba tare da kuɗin ƙarin lokaci ba. Ma'aikata sun kai kamfanin kotu, aka sasanta a kan dala miliyan 15.6 a 2005, da wasu miliyan 14.9 a 2006. Shekara 14 bayan wasiƙar, a 2018, Dan Houser na kamfanin Rockstar ya faɗa wa ɗan jarida cewa sun sha yin aikin awa 100 a sati don kammala Red Dead Redemption 2. Da surutu ya yi yawa, sai ya ce shi da wasu manyan marubuta uku kawai yake nufi, amma ma'aikata da dama suka fito suka ce su ma sun daɗe suna aikin wuce ƙima. Awa 100 a sati fa, ka raba ka gani, ya haura awa 14 kullum, babu Asabar babu Lahadi. Wasan ya fito, ya yi cinikin dala miliyan 725 cikin kwana uku.

Yanzu mu dawo kan tambayarmu. Na san abin da za ka ce: "Ni ina ruwana? Ban ɗauki kowa aiki ba, ban hana kowa barci ba. Kaya na gani a kasuwa na saya." Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuma zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Za ka iya ƙarawa da cewa ma'aikatan nan ba bayi ba ne, albashi ake biyan su, da yawansu ma so ne ya kai su sana'ar. Daɗin daɗawa, a kamfanoni da yawa ladan ƙarshen aiki ya rataya ne a kan ciniki, don haka idan ka ƙaurace wa wasan, wanda kake tausayi shi ka fara cutarwa.

Duk na yarda. Amma ka yi tunanin shagon tela ana saura kwana uku Sallah. Yaran shago sun kwana biyu a kan keke, idanu sun yi ja. Laifin wa? Na farko dai maigidan shago ne, wanda ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa don kada kuɗi su wuce shi, ya yi wa kowa alkawarin jajibere. Wannan babu tantama. Mutumin da ya kawo yadinsa tun farkon azumi, ya koma gida ya jira, babu ruwansa. To, shi kuma wanda ya biya kuɗi duka tun ba a yanka yadi ba, sa'annan ya zo ya tsaya a ƙofar shago yana zage-zage, yana cewa ko a mutu ko a yi rai sai ya sa rigarsa gobe, yana kallon yaran suna gyangyaɗi a kan keke, shi ma za ka ce babu ruwansa? Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

A harkar gem, labarin Cyberpunk 2077 shi ya fito da wannan mutum na biyu fili. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya sanar da wasan tun 2012. Aka yi ta sakin tirela mai ɗaukar ido, har aka hau da jarumi Keanu Reeves kan dandamali a 2019, jama'a suka rikice. A shekarar ce shugabannin kamfanin suka ce ba za su tilasta wa kowa aikin ƙarin lokaci ba. Aka sa ranar 16 ga Afrilu, 2020, aka ɗaga zuwa Satumba, aka sake ɗagawa zuwa Nuwamba. A watan Satumba alkawari ya warware, aka ce wa ma'aikata aikin kwana shida a sati ya zama dole. Da aka ƙara ɗagewa da kwana 21 kurum, zuwa 10 ga Disamba, sai wasu masu jiran wasan suka fara aika wa ma'aikata saƙon barazanar kisa. Saboda sati uku, jama'a!

Ga kuma inda batun kuɗi ya shigo. Kafin wasan ya fito, an riga an biya kuɗin kwafi miliyan 8. Kamfanin da bakinsa ya sanar cewa kuɗin da aka biya tun kaya ba su fito ba sun mayar masa da duk abin da ya kashe. Masu sharhi kuwa, samfurin kwamfuta kawai aka ba su su gwada, ba a nuna musu na PlayStation 4 da Xbox One ba. Da wasan ya iso hannun mutane, sai ga shi a waɗannan na'urori yana tsinkewa, hotuna suna rikiɗewa, har Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet bayan sati ɗaya, bai mayar ba sai Yuni 2021. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Mai saye makami ɗaya gare shi, wato ya ce "ba zan biya ba sai na ga kaya." Ranar da miliyoyin mutane suka biya saboda tirela, sun miƙa makamin nan da hannunsu. Me zai sa kamfani ya jira aiki ya nuna, tunda kuɗi sun riga sun shiga aljihu? Abin da ya rage masa kawai shi ne ya cika rana, ko da wa za a taka.

Sai dai kada mu zarce gona da iri mu ɗora wa mai saye kayan da ba nasa ba. A Oktoba 2023 Microsoft ya kammala sayen kamfanin Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69, bayan wata uku ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninsa. A Fabrairu 2024 Sony ma ya sallami kimanin 900. Babu wani yaro mai buga ƙwallo a shago da ya sa hannu a wannan takarda. Kazalika ɗage rana kaɗai ba ya nufin ma'aikata sun huta, domin a Cyberpunk ɗagewar ƙara tsawon wahalar ta yi. Mai tsayar da rana, mai yanke yawan ma'aikata, mai ɓoye wa masu sharhi gaskiya, shi ke ɗauke da babban kaso. Alhaki gwargwadon iko ne, kuma gwargwadon sani.

Amma fa ƙaramin kaso ma kaso ne, kuma akwai shaidar cewa haƙurin masu saye yana da tasiri. A Yuni 2019, Nintendo ya ɗage wasan Animal Crossing: New Horizons zuwa Maris 2020. Shugaban reshensa na Amurka a lokacin, Doug Bowser, ya ce daga cikin dalilan har da kula da rayuwar ma'aikata. Hannun jarin kamfanin ya faɗi a washegari, 'yan kasuwa suka yi tsaki. Masu wasa suka jira. Da ya fito, an sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Gaskiya ne zaman gida na korona ya taimaka, amma dai jiran wata uku ko huɗu bai kashe kasuwar ba, bai kuma kashe kowa ba. Duk manajan da ke son ya ce wa masu kuɗi "a ƙara mana lokaci," irin wannan misali yake buƙata a hannunsa, mu masu saye kuma mu ke samar da shi ko mu hana.

Saboda haka ga inda na tsaya, kai ma ka auna. Jin daɗin wasa ba laifi ba ne, wanda kuma bai san yadda aka yi shi ba ba a bin sa bashin komai. Amma kai da ka karanta wannan shafi yanzu ka sani. Idan ka biya kuɗin abin da ba ka gani ba, ka taimaka wajen cire wa kamfani tsoron kawo maka ɗanyen aiki. Idan kuma aka ɗage rana ka shiga sahun masu zagi, muryarka tana cikin hayaniyar da manaja zai nuna wa ma'aikaci ya ce masa yau ma babu tafiya gida. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma bai ce sai babba ba.

Abin da ake nema a wurinka bai taka kara ya karya ba. Ka jira kaya su fito, ka ji bakin waɗanda suka gwada, tukuna ka biya. In an ce an ƙara wata uku, ka ce Allah ya kai mu. Mu da muka saba da fim mun san jerin sunayen nan da ke hawa a ƙarshe, lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa. A babban gem sunayen kan kai dubbai, su daɗe suna wucewa. Ran da ka gama wani wasa da ya burge ka, ka daure ka bar su su wuce har ƙarshe, domin a cikinsu akwai waɗanda suka yi watanni ba su ga 'ya'yansu a farke ba. Allah ya sa mu dace.