Mai Kallon Sama, Ka Dubi Ƙasa

Ɗan'uwa mai karatu, daidai ne masani ya tara jama'a da dare yana koya musu taurari, alhali a gidaje da yawa ba a ɗora tukunya ba? Wani zai ce aikin banza ne: Kaza da 'Ya'yanta ba sa cika rumbu, Zara kuma ba ta biyan kuɗin magani. A Khartoum da Omdurman, inda yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, tambayar ta fi nauyi.

Bari mu ga abin da ya faru a Sudan ɗin nan kafin yaƙin. Ranar 6 ga Oktoba, 2008, Richard Kowalski, wani masani a Arizona ta Amurka, ya hango dutse mai faɗin kamar mita 4 ya nufo duniya. Washegari da asuba ya tarwatse a saman hamadar Nubiya, arewacin Sudan. Ba a taɓa ganin irinsa tun kafin ya faɗo ba. A Disamba, Dakta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum da Peter Jenniskens daga Amurka suka kwashi ɗalibai zuwa hamadar neman gutsattsarinsa. Suka yi sahu, suna takawa a hankali, kowa kai a sunkuye. A ƙarshe an tsinci wajen guda 600, aka sa musu suna Almahata Sitta, wato Tasha ta Shida, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa.

Ka lura: masu son sanin sama sai da suka sunkuyar da kai, suka kuma yi tafiya tare. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Nan ne ilimin taurari ya bambanta da duba. Mai zuwa wurin boka kansa yake nema a cikin taurari: yaushe zan yi arziki? Amma wanda ya koyi cewa hasken rana yakan yi minti 8 kafin ya iso gare mu, yakan gane ƙanƙantarsa. Wanda kuwa ya san shi ƙura ne, da wuya ya taka maƙwabcinsa.

A Farawa sura 15, lokacin da zuciyar Ibrahim ta karaya don rashin ɗa, Ubangiji ya fito da shi waje ya nuna masa taurari. Ashe mai baƙin ciki ma yana bukatar ɗaga ido. Gaskiya ne, mai yunwa abinci yake so tukuna. Saboda haka ga ma'auni: bayan ka kalli sama, idonka ya ƙara ganin mabukacin da ke ƙofarka? In haka ne, daren bai tafi a banza ba.

Addu'a: Ya Ubangiji Mahaliccin taurari, ka ba Sudan salama, mu kuma ka koya mana tawali'u. Amin.