Haƙƙin Naman da Bai Kamu Ba

Akwai wata tambaya da ni da wana muka daɗe muna ja a kanta. Shi yana Katsina yana karantar da fiƙihu a zaure, ni kuwa ina Amurka ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibitin fata. Tambayar ita ce: idan likita ya haɗa da lafiyayyen nama wajen yanka don ya tabbatar ya kwashe mai cutar, wannan lafiyayyen ya tafi ke nan ba mai bin kadinsa, ko kuwa akwai wanda za a tambaya? Yaya ya ce ba wata tambaya, larura ce. Ni na ce akwai tambaya, sai dai ba kullum likitan ne zai amsa ta ba.

Sankarar fata da muka fi gani a wurin aikina ita ce wadda likitoci ke kira basal. Da wuya ta bi jini ta tafi huhu ko hanta. Zama take wuri ɗaya tana ci, kuma abin da ido ke gani a sama ba shi ne iyakarta ba. Ƙurji kamar ƙwayar dawa a gefen hanci yana iya miƙa saiwa ta ƙarƙashin fata zuwa kusurwar ido. Saboda haka tiyatar da aka saba ita ce a yanko ƙurjin a haɗa da lafiyayyar fata kewaye da shi, wajen milimita 4 ko fiye, a ɗinke, a aika naman ɗakin gwaji, a jira kwanaki. A gadon baya milimita 4 ba komai ba ne. A fatar ido kuwa, ko bakin leɓe, ko kan hanci, milimita 4 ta kowane gefe tana iya canja wa mutum fuska.

Kuma duk da wannan asarar ba a samun cikakken yaƙini. A ɗakin gwaji yanka naman ake yi yadda mai shayi ke yanka burodi, a zari yanka kaɗan daga ciki a duba. Abin da ke tsakanin yanka da yanka ba a gan shi ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne abin da ake dubawa daga gefen naman bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Hanyar da muke bi a wurinmu ɓawon burodin take dubawa gaba ɗaya, ƙasa da kewaye, domin a ɓawon ne za a san ko cutar ta tsallake wurin da wuƙa ta bi.

Wanda ya ƙirƙiro hanyar sunansa Frederic Mohs, an haife shi a 1910, ya rasu a 2002. Tun yana ɗalibi a Jami'ar Wisconsin da ke Madison ya lura cewa sinadarin zinki kuloraid yana kashe nama amma ya bar fasalin ƙwayoyinsa yadda za a iya karanta su a madubin likita. A 1936 ya fara yi wa majiyyata aiki. Sai ya shafa haɗin a kan ciwon, a kwana, washegari ya fere ɓawo guda ya duba. Inda ya ga saura, nan kaɗai zai sake shafawa. Aikin yana cin kwanaki, kuma maganin yana da zafi ƙwarai. A 1941 ya wallafa sakamakon majiyyata 440. Likitocin fiɗa da dama sun yi masa kallon hadarin kaji, domin shafa magani mai cin nama a kan daji sana'a ce da aka san masu tallar maganin ƙarya da ita. Abin da ya raba shi da su madubi ne da taswira: su suna ƙonawa ne a makance, shi kuwa ba ya ƙara yanka sai ya gani. A 1953, ana ɗaukar fim ɗin wani aiki da yake yi a fatar ido, ya tsallake shafa maganin don a yi sauri, ya yanki ɗanyen nama ya daskarar ya duba, abin ya yi kyau. A shekarun 1970 likitoci biyu a San Faransisko, Theodore Tromovitch da Samuel Stegman, suka nuna ana iya yin haka a sauran sassan jiki. Ita ce hanyar da ake bi yau.

Ga yadda take kasancewa a hannuna. An yi wa majiyyaci allurar kashe zafi, idonsa biyu. Likita ta karkata wuƙa ta fero ƙurjin da ɗan siririn gefe, ta yi 'yar tsaga a naman da kuma a fatar mutumin, daidai inda ƙarfe goma sha biyu yake a fuskar agogo, don kada a rikita sama da ƙasa. A kawo mini shi a kan ƙyalle tare da zanen wurin a takarda. In raba shi, in shafa wa wannan gefe jar tawada, wancan shuɗiya, in sa launukan a taswira. Sai aikin da ya fi wuya: danne shi har bakin fatar da ƙasan naman su kwanta a shimfiɗe ɗaya. Idan baki ɗaya ya naɗe, wurin ya ɓuya, kuma watakila nan cutar take. In daskarar da shi a injin da sanyinsa ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifiri, in fere shi sirara fiye da silin gashi, in ɗora a gilashi, in rina. Duk wannan lokacin mutumin yana zaune a ɗakin jira da bandeji a fuska. Likitar da ta yanka ita ce za ta duba madubi da kanta. In ta ga saura, ta ɗiga jan alƙalami a taswira, misali wajen ƙarfe biyu, a kira shi, a ƙara yanka a ƙarfe biyu kawai. Sauran kewayen ba a taɓa shi. Yawancin mutane a zagaye ɗaya ko biyu ake gamawa da su, wasu kuma har la'asar. A sankarar basal da ba a taɓa yi wa aiki ba, kusan 99 cikin 100 ba ta dawowa.

Da na zayyana wa Yaya wannan, sai ya ce, "Ƙanena, wannan ƙwarewa ce, Allah ya ƙara basira. Amma ba ta mai da wanda ya yanka da faɗi mai laifi ba. A mazhabarmu toshe kafar ɓarna asali ne. Gara a rasa fata da a rasa rai."

Ban musa masa ba. Na dai tuna masa da abin da shi ya koya mini, cewa larura ana auna ta gwargwadonta, ba a wuce ta. A ganina waɗannan ƙa'idoji biyu ba sa karo sai a wurin da ba a san iyakar cutar ba. Wanda ya san inda ta tsaya, toshe kafa da tsayawa kan gwargwado abu ɗaya ne a wurinsa. Faɗaɗa yanka diyyar rashin sani ce, kuma naman da bai kamu ba shi ke biya. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya yi wasiyya a littafinsa Attasrif a cire daji gaba ɗaya tun yana ƙarami in wurin ya ba da dama, in ya tsufa ya bunƙasa kuwa a ƙyale shi. Iyakar abin da idonsa ya kai ke nan, kuma ya yi gaskiya a kansa. Ba shi da madubi, don haka babu abin tuhuma a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda zargi yake da gefe ɗaya. Likitan da ya yanka kaɗan cutar ta dawo, kowa zai gani, kowa zai nuna shi da yatsa. Wanda ya yanka fiye da kima kuwa ba mai gane kurensa, domin naman da ya tafi ba ya dawowa ya ba da shaida cewa lafiyarsa ƙalau. Majiyyaci ma godiya zai yi. Saboda haka zuciyar mai wuƙa kullum tana karkata wajen faɗaɗawa, kuma tana iya kiran wannan taka-tsantsan alhali kansa yake karewa. An ga haka a tarihi. William Halsted na asibitin Johns Hopkins ya wallafa hanyarsa ta tiyatar sankarar mama a 1894: a cire maman, da tsokar ƙirji, da kaluluwar hammata. Neman ceton rai yake, bisa fahimtar zamaninsa. Amma hanyar ta zauna shekaru wajen tamanin, mata ba adadi suka rasa tsokar ƙirji, wasu hannu ya kumbura har ƙarshen rayuwa, kafin gwaje-gwajen Bernard Fisher su nuna cewa ga mata da yawa ƙaramar tiyata da gashin na'ura suna ba da tsawon rai iri ɗaya. Sakamakon da ya fi shahara a 1985 ya fito. Me ya sa aka daɗe haka? Ina ganin don asarar ba ta da mai ƙara. Mai imani kuwa ya san akwai Wanda ke ƙidaya abin da ba shi da mai ƙara. Jiki amana ne a hannun mai shi, amana ne kuma a hannun wanda aka miƙa wa shi a kan gadon tiyata.

Yaya ya sake ɓullowa ta wani gefen. Ya ce kyan fuska yana cikin abubuwan ƙawa, matakin ƙarshe a jerin da Imam Shaɗibi ya tsara, bayan na larura da na buƙata. A nan kam ban bar masa ba. Fatar ido ita ke lulluɓe ido. In ta gajarta ido ya bushe, gani ya lalace. Leɓe shi ke riƙe ruwa a baki, da shi ake furta ba'un da mimun a karatu. Na ce, "Yaya, Risalar da kake biya wa ɗalibai fa? Nawa ta sa wa tattausan hanci in an yanke?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce cikakkiyar diyya. Wato shari'a ta kimanta wannan ɗan guntun guringuntsi da fata daidai da rai. Kuma hanci yana cikin wuraren da wannan sankara ta fi kamawa. Na san hukuncin likitan da aka yi wa izini daban yake da na mai ta'adi. Abin da nake nufi shi ne kimar da aka ba wa gaɓar, wadda ba ta raguwa don niyyar mai yanka ta yi kyau.

Hanyar Mohs tana da iyaka. Tana aiki ne saboda irin wannan daji a haɗe yake girma, za a iya bin sawunsa. Wanda ya riga ya watsu ta jini ba ya biyuwa haka. Tana da tsada, tana cin yini, kuma ƙaramin ƙurji a cinya ba ya bukatarta. A Amurka ma ana muhawara kan yawan yin ta inda ba dole.

Inda hirarmu ke yin nauyi shi ne idan muka zo kan ɗan ƙanwar mahaifiyarmu, wanda zabiya ne. Baƙar fata garkuwa ce daga rana, shi ya sa wannan cuta ba ta yawaita a cikinmu ba, sai a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna, sai kuma ga zabiya. Su nau'in da ya fi kama su ya fi basal saurin ci, yana kuma iya watsuwa. Wannan ɗan'uwa namu a gona ya tashi, ba malafa. Wani ɓamɓaroki ya fito masa a saman kunne, yana warkewa yana dawowa, ana shafa wannan ana shafa wancan. Ranar da aka kai shi asibiti kunnen gaba ɗaya aka cire, da fatar kewaye. Likitan da ya yi aikin ya yi daidai, kuma muna yi masa addu'a. Ba shi da injin daskarewa a kusa da ɗakin tiyata, ba shi da tabbacin majiyyacin zai samu kuɗin motar dawowa, don haka faɗaɗawa ita ce wajibinsa.

To amma kunnen ya tafi, kuma watakila rabinsa lafiya lau yake. Idan likitan ba shi da laifi, tambayar ba ta mutu ba, wuri ta canja. Imam Gazali a Ihya ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, har ya koka da garuruwan da suka cika da masana fiƙihu amma ba su da likita Musulmi. Farillar kifaya kuwa in ba a tsaya mata ba, kowa mai iko ne ke ɗaukar alhakin. Ni ina cikinsu, tunda na iya wannan aiki kuma ina yin sa ne nesa da mutanen da suka fi bukatarsa.

Yaya ya yarda da wannan, amma ya ce farillan kifaya ma suna da na gaba da na baya: zazzaɓin cizon sauro, da mata masu mutuwa wajen haihuwa, da yara masu tamowa. Gaskiya ya faɗa. Ko a batun zabiya, malafa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da sana'ar inuwa, da kai kowane ɓamɓaroki asibiti tun yana ƙarami, sun fi injina ceton rayuka. Sai dai ba dole ne a jira injin ba. Akwai sigar wannan tiyata da ake yi a hankali: a fere ɓawo, a sa alama da tawada, a zana taswira, a rufe ciwon da bandeji ba ɗinki, a sarrafa naman da kakin da kowane ɗakin gwajin nama ke amfani da shi, a shimfiɗa shi yadda za a ga gefen duka, bayan kwana ɗaya ko biyu a ƙara yanka inda aka ga saura. Asibitin koyarwa da ke da likitan fiɗa da masanin duba nama yana da kayan yin wannan. Abin da ake bukata shi ne su biyun su amince da taswira ɗaya, a samu ma'aikacin da ya iya kwantar da bakin nama, a kuma samar wa majiyyacin da ya zo daga ƙauye wurin kwana har a gama. Na ce wa Yaya ni zan iya koyar da kwantar da naman in na zo hutu. Shi kuma ya ce batun masauki da abinci zai kai shi gaban masu hali na masallacinsu, domin ciyar da majiyyaci baƙo ba abin da ake gardama a kansa ba ne.