Yaron da bai san adadi ba, yaya zai fitar da zakka?

A fadamar Haɗeja, shinkafar da ruwan sama ya shayar zakkarta kashi 1 cikin 10 ce, wadda aka yi wa ban-ruwa da inji kuwa 1 cikin 20. A ƙa'idar malamai, abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ke nan sanin adadi ya shiga addini. Amma yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, bai san 7 ta fi 5 ba, bai fara ba tukuna. Sai ya jera tsakuwa, ya kasa ta, ya gani da idonsa.

Wani zai ce ai waya tana lissafi, malami kuma yana raba gado. Haka ne, amma waya ba ta sanin an danna mata kuskure, kuma wanda bai san sumuni bai kai rubu'i ba, ko an cuce shi godiya zai yi. Malaman firamare da na allo, ku fara ba yara tsakuwa kafin alli.